Lissafin Batir Kafin a Kama Hanya

Tun sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur cikin watan Mayu na 2023, batir irin na litiyam ya yawaita a kasuwannin Katsina, har ya soma shiga cikin takardun odar da ke bi ta hannun akawunan hukuma. Wanda aka girka a gida ko a ofis ba shi ne abin maganarmu yau ba, domin yana zaune wuri ɗaya, in ya gaza da dare gari na wayewa rana ta sake cika shi. Wanda mu ke so mu jawo hankalin ma'aikata a kansa shi ne batirin da ke tafiya, watau wanda a ke sawa cikin asibitin tafi-da-gidanka, da motar wayar da kan jama'a, da ƙaramin ɗakin nan da a ke ɗaurawa a bayan mota a ja shi zuwa ƙauyuka, da firji a ciki da fanka da lasifika. Ra'ayinmu gajere ne. Bai kamata akawu ya wuce da takardar sayen irin wannan batir ba sai an liƙa mata lissafi, kuma lissafin nan bai fi ƙarfin wanda ya gama firamare ba.

Mutanen Amurka sun riga mu cin karo da wannan al'amari. Can akwai masu sayen ɗaki mai ƙafafun mota, da gado da madafa a ciki, su ɗaura shi a bayan mota su tafi yawon hutu. Kukan da a kan ji daga gare su shi ne mutum ya wuni yana tuƙi, yana tsammani motar na cika batirin ɗakin, ya isa zango da magariba ya tarar batirin bai ƙaru da kome ba, wani lokaci ma ya fi yadda ya baro shi da safe rauni. Su in haka ta auku, hasararsu ba ta wuce madara da nama ba. Mu kuwa abin da ke cikin firjin sau da yawa maganin rigakafin yara ne, wanda ƙa'ida ta ce a tsare yawancinsa tsakanin digiri 2 da 8. Akwai ɗan tambari a jikin kwalbar wanda kan yi duhu in zafi ya taɓa ta, in kuwa ya yi duhu sai zubarwa. Ka ga an ƙona mai, an biya kuɗin kwana, dagaci ya tara mata da goyonsu tun hantsi, a ƙarshe a ce su koma gida. Matar da aka sallama haka, da wuya ta fito in an sake yekuwa. Ba da sakaci irin wannan aka kai ga shelar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi cikin Agusta 2020 ba, cewa ƙwayar shan-inna ta asali ta ƙare a Nijeriya da sauran Afirka.

Batirin da kowane direba ya sani shi ne mai ruwa, wanda a ke yi da dalma. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago shi a 1859, har yau kuwa shi ke ta da injin mota. Aibinsa nauyi, sa'an nan in a na so ya daɗe ba a shan fiye da rabin abin da ke cikinsa. Na litiyam kuwa kamfanin Sony na Japan ne ya fara fitar da shi kasuwa a 1991. Irin da ya dace da aikinmu, wanda a ke rubuta LiFePO4 a jikinsa, ya fito ne daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas wajen 1996, shi ne kuma ɗaya daga cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 2019 saboda aikin batirin litiyam. Wannan irin ya fi na cikin wayar hannu wuyar kamawa da wuta, nauyinsa bai kai rabin na mai ruwa ba, a na kuma iya shan kashi 80 cikin 100 na abin da ke cikinsa kullum ba tare da ya lalace da wuri ba. Duk wannan gaskiya ne, dillalai ba su yi ƙarya ba. Abin da ba su faɗa shi ne, batir ba ya haifar da wuta. Randa ce kawai, abin da aka zuba shi za a ɗiba.

To, tun da mun kira shi randa, bari mu bi misalin. A jikin batir za ka ga an rubuta 12.8V da 100Ah. Na farkon shi ne bolt, watau ƙarfin da ke tura wutar, kamar tudun da aka ɗora randar a kai. Na biyun shi ne amfa-awa, watau girman randar: amfa 100 na awa ɗaya, ko amfa 10 na awa goma. In ka ninka biyun, 12.8 sau 100, ka sami 1,280. Wannan shi a ke kira wat-awa, shi ne kuma mudun da ya kamata a auna kome da shi, domin kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a jikinta. Fitila mai wat 5 in ta yi awa 5 a kunne ta sha wat-awa 25. Iyakar ilmin ke nan, sauran duk tarawa ne da ɗebewa.

Mu ɗauka an ɗaura ɗakin asibiti a bayan mota, an fita ta Ƙofar Ƙaura da ƙarfe 6 na safe cikin watan Afrilu, za a je wani ƙauye a ƙasar Funtuwa, tafiyar da ta kai wajen kilomita 200. Mota mai jan kaya ba ta gudu, ga shingayen jami'an tsaro, ga ramuka, saboda haka mu ba injin awa 5 yana aiki. Sauran wunin a na tsaye a na duba marasa lafiya, a kwana can inda babu wutar lantarki. Alƙaluman da za mu kawo misali ne, kowa ya duba na jikin nasa kayan. Firji mai wat 60 ba ya aiki ba tsayawa, yakan kama ya saki. Da hunturu mai yiwuwa awa 8 kaɗai zai yi yana aiki cikin 24, amma da bazara, a na buɗe shi a na rufewa, mu ba shi awa 16. Wat-awa 960 ke nan. Fanka biyu masu wat 20 kowace, awa 8, sun sha 320. Fitilu huɗu masu wat 5, awa 5, sun sha 100. Lasifika mai wat 40, awa 3 a na kiran jama'a, 120. Kwamfutar rajista da wayoyin ma'aikata mu ce 200, amma su sai ta imbata su ke samun wuta, imbata kuwa tana cin ladanta, wajen kashi 15 cikin 100, sa'an nan ko ba a jona mata kome ba muddin tana kunne tana sha a hankali. In an bar ta awa 12 tana shan wat 10, wannan ɓangare ya tashi 350. Jimla duka 1,850.

Yanzu a dubi batirin nan mai 100Ah da ɗan kwangila ya kawo yana yabo. Cikinsa 1,280, abin da ya kamata a taɓa 1,024. Tun kafin a bar Katsina alƙalami ya nuna ba zai kai asuba ba.

A nan ne direba zai ce, ai mota na caja shi muna tafe. Wannan magana ita ce tushen yawancin ɓarnar, don haka za mu daɗe a kanta kaɗan. Altaneta, watau injin da ke cika batirin mota in tana tafiya, tana ba da wajen bolt 14. Batirin litiyam kuwa ko ya yi rabi yana nan wajen bolt 13.2. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai bolt ɗaya ba. Wayar da ta taso daga gaban mota, ta bi ƙarƙashinta, ta ratsa mahaɗin da ke wajen ƙugiyar ja, ta shiga ɗakin baya, doguwa ce kuma galibi siririya, domin asali don fitilun baya da ƙananan abubuwa aka yi ta. Ka ɗauki randa biyu da ruwansu ya kusa zama daidai, ka haɗa su da dogon siririn bututu, ka ga yadda ruwan zai riƙa tafiya. Abin da kan wuce ta irin wannan waya 'yan amfa kaɗan ne. Mu ba ta amfa 5. Cikin awa 5 ta kawo amfa-awa 25, watau wat-awa 320. Amma cikin waɗannan awoyi firji bai yi barci ba, ya sha 200. Ribar tafiyar Katsina zuwa Funtuwa duka 120 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na batirin ba. Har wa yau wasu motocin zamani sukan rage ƙarfin altaneta da kansu in batirinsu ya cika don tattalin mai, sai abin da ke zuwa baya ya ƙara raguwa ko ya tsaya ɗungum. In kuma an tsaya aka kashe inji ba a raba wayar ba, wuta na iya komowa daga ɗakin zuwa motar, ko kayan ɗakin su tsotse batirin motar, a wayi gari a na neman masu turi.

Sai a ɗebe 320 daga 1,850, saura 1,530. Don a bar kashi 20 a ƙasan randa, a na bukatar batir mai wat-awa kusan 1,900, watau 150Ah, shi ma da ƙyar. Mai hankali zai rubuta 200Ah.

Wani ma'aji zai ce, to a sayi babba mana a huta da lissafi. Mu gwada. Batir mai 200Ah yana ɗauke da 2,560. Ranar farko an ci 1,530, saura 1,030. Rana ta biyu an wuce wani ƙauye, an sake irin tafiyar da irin aikin, a na bukatar wata 1,530. Cikin dare na biyu firji zai tsaya, ma'aikata suna barci. Babban batir jinkirta ranar kunya kawai ya yi. Fataken da suka riƙa tashi daga Katsina su nufi Agadas ba girman salka kaɗai su ke dubawa ba, madugu yakan san kwana nawa ne tsakanin rijiya da rijiya. Tambayar da ta fi girman batir muhimmanci ita ce, ina za a sake cika shi, kuma da nawa?

Amsa biyu ce, a na kuma iya haɗa su. Ta farko wata 'yar na'ura ce da a ke sawa tsakanin motar da batirin ɗakin, wadda ke karɓar wutar altaneta ta ɗaga ƙarfinta zuwa wajen bolt 14.4 da litiyam ke so, ta kuma ƙayyade abin da zai wuce. Mai amfa 30 cikin awa 5 ɗin nan za ta zuba amfa-awa 150, fiye da wat-awa 1,900, watau ta biya bukatar wunin duka. Amma sai an ja mata waya mai kauri da fis a kowane gefe, sai kuma mai rewaya ya tabbatar altanetar motar za ta iya ɗaukar wannan ƙarin kaya. Kada a yarda da mai cewa a ja katuwar waya kai tsaye ba tare da na'urar ba. Litiyam in ya ji yunwa yakan ja wuta iyakar abin da ya samu, altaneta kuwa in inji na aiki a tsaye ba ta samun iskar da za ta huce, sai ta ƙone, a rasa motar da ɗakin gaba ɗaya a tsakiyar hanya. Ta biyu ita ce faifan sola a kan rufin ɗakin. Mai wat 300, in an ba shi awa 5 na rana mai ƙarfi aka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura, zai kawo 1,125. Kyansa shi ne yana aiki ko a na tafe ko a na tsaye. Aibinsa kuwa, direba yakan nemi inuwar darbejiya ya faka, da hunturu kuma hazo da ƙura su rage shi, sai an riƙa gogewa.

Akwai wata yaudara ta biyu, ita kuwa ta fi kama tsofaffin hannu. Wanda ya saba da batir mai ruwa yakan sa ma'aunin bolt ya san inda a ke: in ya ga 12.7 ya cika, in ya ga wajen 12.2 ya yi rabi. Litiyam ba haka ya ke ba. Daga kusa da cika har ya sauko kashi ɗaya cikin huɗu, ma'auni na nuna tsakanin 13.3 da 13.0, kamar babu abin da ya taɓa shi. Sa'an nan ya faɗo gaba ɗaya, na'urar tsaron da ke cikinsa ta yanke wutar ba sallama. Saboda haka mai kula da ɗakin zai duba da isha'i ya ga 13, ya kwanta da kwanciyar rai, alhali saura ƙiris. Maganin wannan wani ma'auni ne daban da a ke ɗaurawa a bakin batirin, wanda ke ƙirga kowace amfa da ta shiga da wadda ta fita. Akawu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, littafin kuɗi ne sak, shiga a hagu, fita a dama, saura a ƙasa. Kamar yadda a ke daidaita littafi da abin da ke cikin akwati a ƙarshen wata, haka shi ma sai an riƙa cika batirin fal lokaci lokaci don ƙirgar ta koma daidai. Kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da na batirin, amma shi a kan fara sokewa in a na rage kasafi, domin mai sokewar bai san aikinsa ba.

Sai a yi hattara kuma da shawarar da a ke kwasowa daga ƙasashen Turai da Amurka. Su abin tsoronsu sanyi ne, domin litiyam ba ya son caji in ruwa ya kai ga daskarewa. Mu namu abin tsoron zafi ne. Galibin masu ƙera shi sukan rubuta a caja shi tsakanin digiri 0 da 45. A Katsina cikin Afrilu da Mayu iska kanta takan haura 40, balle cikin akwatin ƙarfe da rana ta wuni tana duka, ga zafin kwalta daga ƙasa. In ya yi zafi da yawa na'urar tsaronsa na iya ƙin karɓar caji daidai lokacin da mota ke tafe, watau lokacin da lissafinmu ya dogara a kansa, zafin kuma yana rage masa kwana. Wurin da za a ajiye shi, nesa da salansa, inda iska ke ratsawa, yana cikin abin da ya kamata a rubuta a takardar kwangila.

Lalle akwai masu cewa duk wannan wahala ce ta banza, a zuba maganin cikin akwatin sanyi da ƙanƙara yadda aka saba. Ba mu raina maganarsu ba. In rigakafi kaɗai za a kai, akwatin sanyi mai kyau yana riƙe sanyinsa kwanaki, ba shi da waya balle ta tsinke. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, don asibitocin ƙauye, ta karkata ga firjin sola marar batir, wanda ke tara sanyinsa cikin ƙanƙara da rana, saboda an ga batir ne ke fara mutuwa. Shawararmu ma ita ce ko an sa firji a ɗakin, a tafi da akwatin sanyi a gefe. Amma ɗakin da za a duba mai ciki da dare yana bukatar fitila da fanka, rajista na bukatar kwamfuta, ƙanƙara kuwa ba ta kunna ko ɗaya.

Abin da ya rage shi ne a san da wace rana za a yi lissafin. Kada a yi shi da ranar da kome ya tafi daidai. Taya na fashewa, gada na karyewa da damina, sa'an nan a shekarun nan rashin tsaro ya sa akwai hanyoyin da mai hankali ba ya bi in rana ta yi sanyi, sai a kwana inda ba a yi niyya ba. A yi lissafi da ranar bazara, a ƙara kwana ɗaya da ba a shirya ba, wanda inji bai yi aiki ba ko awa ɗaya. In alƙalami ya nuna batir ba zai ɗauka ba, a rubuta tun a ofis abin da za a fara kashewa: lasifika, sa'an nan imbata, sa'an nan fanka, firji shi ne na ƙarshe.

Ga malaman makaranta kuwa, mun ga littattafan lissafi cike da famfon da ke cika tanki cikin awa kaza, wani na zubar da shi cikin awa kaza. Ga shi nan ya fito fili. Yaron aji shida da aka ba alƙaluman da ke sama zai iya faɗin ƙarfe nawa firji zai tsaya, ya kuwa fi jin daɗinsa bisa ga tankin da bai taɓa gani ba, tun da yawancinsu akwai ƙaramin sola ko fitilar caji a gidajensu.

Zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, mai sito ba ya sa hannu ya karɓi buhu sai ya ɗora shi a sikeli. Ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina su ne magadan wannan aiki, batir kuma yana da nasa sikelin. A kasuwa akwai waɗanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka liƙa musu sabuwar takarda mai babbar lamba. Na gaskiya mai 100Ah nauyinsa yakan kama daga kilo 10 zuwa 13, wanda ya gaza haka da yawa abin tuhuma ne. Gwajin da ya fi wannan shi ne a cika shi fal, a jona masa kayan da aka san suna jan amfa 10, a duba agogo. In ya kai kusan awa 10, abin da aka rubuta gaskiya ne. In ya mutu a awa 6, batir mai 60Ah aka kawo, kuɗin mai 60Ah kuma ya kamata a biya, ko a mayar masa da kayansa. Gwajin wuni ɗaya ya ke ci, a yi shi a harabar ofis ɗan kwangila na tsaye, a rubuta lokacin da aka kunna da lokacin da ya yanke a bayan baucar, mai sito da akawu su sa hannu kafin ta wuce wurin ma'aji.